An Sayi Sabuwar Kyamara: Ina Za A Kai Tsohuwa?

A ƙaramar hukumar Tama, cikin gundumar Buza, da sauran garuruwan Adar da Majiya har zuwa Keita da Madawa, ɗaukar hoto sana'a ce da ake ciyar da iyali da ita. Mai hoto yana bin kasuwannin mako, yana halartar bikin aure da na suna, ranar salla yana tsaye a bakin filin idi, kuma shi ake nema idan ɗan makaranta zai haɗa takardun jarrabawa. Ban da masu sana'ar, akwai malaman gona, da ma'aikatan gandun daji, da na kiwon lafiya, da ƙungiyoyin manoma, waɗanda ke riƙe da kyamara domin kafa shaidar aikinsu. Duk wanda Allah ya hore wa sabuwar na'ura daga cikinsu, tambaya ɗaya ce take biyo baya: tsohuwar fa, a sayar da ita a rage kuɗin da aka kashe, ko kuwa a ajiye ta?

Mai karatu zai iya ɗauka ƙaramar magana ce. Amma ga mutumin da ya sayar da rago biyu, ko ya ci bashi har zuwa lokacin cire albasa, kafin ya haɗa kuɗin sabuwar kyamara, maganar ta shafi jarinsa gaba ɗaya. Ta kuma shafi jama'a, domin sau da yawa ranar da aka fitar da tsohuwar kyamara daga ɗaki, ranar ce ake share tsofaffin fina-finai da katunan da suka yi aiki tare da ita, a zubar. A cikin waɗannan akwai fuskokin iyayenmu da kamannin garuruwanmu na jiya.

YADDA ZAMANI YA JUYA DA SANA'AR

Kafin a yanke shawara, ya kamata a san irin kasuwar da ake ciki. A shekara ta 1975 wani injiniya mai suna Steven Sasson, ma'aikacin kamfanin Kodak na ƙasar Amurka, ya haɗa kyamarar farko ta hannu wadda ba ta bukatar fim. Nauyinta ya kai kilo 3 da rabi, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta zuba hoto ɗaya a kan kaset. A wancan lokaci ba wanda ya ga abin tsoro a jikinta. Amma cikin watan Janairu na 2012 kamfanin Kodak da kansa ya je gaban kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi, saboda mutane sun daina sayen fim kamar dā.

A ƙasarmu ma sana'ar ta sha juyi. Da farko mai hoto shi ne mai ɗauka, shi ne mai wankewa a ɗakinsa mai duhu, da fim baƙi da fari. Da hoto mai launi ya zo, wankin ya koma hannun manyan injuna na birane, mai hoto na ƙauye ya zama sai ya tara fina-finansa ya ba direba ya kai, ya jira kwanaki. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, fim da takarda da ruwan wanki, waɗanda duk daga waje suke zuwa, suka yi tsada ƙwarai. Daga shekara ta 2001 wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar, bayan wasu shekaru ta zo da idon ɗaukar hoto a bayanta. Lokacin da aka yi rajistar masu zaɓe ta zamani domin zaɓen 2020, na'urar hukumar zaɓe ce ta ɗauki hoton kowa nan take.

Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin kyamara ta ƙasar Japan ta nuna girman al'amarin. A shekara ta 2010 sun fitar da kyamara kimanin miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya. A 2023 abin da suka fitar bai kai miliyan 8 ba. Ma'anar wannan ga mai hoto na Tama ita ce, masu neman sayen kyamara sun ragu, kuma na'urar da ta kwana biyu a hannu ba ta da masu rububinta kamar tsohon babur ko keken ɗinki.

HUJJAR MASU CEWA A SAYAR

Masu wannan ra'ayi suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko, kyamarar zamani kaya ce da darajarta ke sauka kowace shekara. Duk sanda kamfani ya fito da sabon samfuri, farashin na baya yana faɗuwa. Wanda ya ce bari ya jira baɗi, to baɗi abin da za a taya masa bai kai na bana ba.

Na biyu, ajiya tana kashe na'ura fiye da aiki, musamman a ƙasa irin tamu. Ƙurar hunturu tana shiga ta kowace kafa ta kwanta a kan gilashi da farantin da ke karɓar haske. Zafin bazara yana cin batir, yana busar da man da ke cikin ƙananan ƙarafa, yana saki robar jiki. Da damina kuma, idan an kulle kyamara cikin jaka a ɗaki mai laima, wata irin funfuna tana tsirowa a cikin gilashin kamar saƙar gizo-gizo, kuma idan ta daɗe tana cin fuskar gilashin yadda ba ya gyaruwa. Batir na zamani da aka bari babu caji wata da watanni yakan mutu mutuwar da ba farfaɗowa, kuma batirin tsohon samfuri wuyar samu gare shi. Ƙananan batura irin na rediyo kuwa, idan aka manta da su a ciki, sukan zubar da ruwa su cinye wayoyin.

Na uku, kuɗin da ke kwance cikin akwati ba ya haihuwa. Da abin da aka samu daga tsohuwar kyamara ana iya sayen batir na biyu, ko fitilar ɗaukar hoton dare, ko ƙaramin faifan hasken rana na caji, ko takarda da tawadar injin buga hoto. A garin da wutar lantarki ba ta wadata ba, waɗannan su ne ke raba mai hoton da ya kammala aikin biki da wanda na'urarsa ta mutu ana tsakar ɗaurin aure.

HUJJAR MASU CEWA A AJIYE

Su ma waɗannan ba da ka suke magana ba. Babbar hujjarsu ita ce nisan mai gyara. Masu gyaran kyamara na ƙwarai a manyan birane suke, kamar Yamai da Maraɗi, ko Sakkwato da Kano a Najeriya. Mai hoton da ke Tama, idan na'urarsa ta faɗi ana jajibirin salla, ba shi da inda zai nufa ya dawo kafin a sauko daga idi. Aure kuma ba a sake ɗaura shi domin mai hoto ya samu matsala. Wanda ya karɓi kuɗin mutane ya kasa cika alkawari, ba kuɗin ranar kaɗai ya rasa ba, ya rasa sunansa a garin da kowa ya san kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga wanda sana'arsa ke nan, kyamara ta biyu kamar tayar safiya ce ga direban da ke bin hanyar duwatsun Adar.

Hujja ta biyu ita ce gilashin gaba, wato idon kyamara, wanda ake cirewa a sauya a manyan na'urori. Jikin kyamara yana tsufa da sauri, amma gilashi mai kyau yana iya yin shekara 20 ko 30 yana aiki, kuma sau da yawa shi ne ya fi jikin daraja. A shekara ta 2018 kamfanonin Canon da Nikon sun fito da sababbin manyan kyamarori marasa madubi a ciki, masu sabon baki, amma dukansu sun yi zoben haɗi da ke ba da damar ɗaura tsohon gilashi a kan sabon jiki. Saboda haka wanda ya haɗa jiki da gilashi ya sayar a dunƙule ba tare da ya bincika ba, yana iya komawa kasuwa ya sayi irin gilashin nan da ninkin abin da aka ba shi.

Hujja ta uku ita ce yaron gida. Kowace sana'a da almajiri take ɗorewa. Ba a miƙa wa ɗan koyo sabuwar na'urar da aka ci bashi aka saya, amma ana iya ba shi tsohuwa ya koyi tsayar da hannu da auna haske. Ranar babban biki kuma, maigida yana wajen maza da sabuwa, wata ƴarsa ko ƙanwarsa da ta koyi aikin tana cikin gida wajen mata da tsohuwa, inda namiji baƙo ba ya shiga. Ta haka tsohuwar kyamara take ƙara kuɗin shiga maimakon ta zama kayan ajiya.

Akwai kuma masu jin labarin cewa a Turai da Japan tsofaffin kyamarori masu fim sun sake yin farin jini. Labarin gaskiya ne: kamfanin Leica ya dawo da samfurinsa M6 mai fim a 2022, kuma a 2024 aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Samfura ƙalilan ne ake nema, masu jikin ƙarfe da ke aiki lafiya, kuma masu sayen suna nesa da mu. Yawancin ƙananan kyamarorin roba da suka cika kasuwanninmu a shekarun baya ba su shiga wannan sahu ba.

TAMBAYOYI UKU

Idan aka auna hujjojin ɓangarorin biyu, za a ga amsar ta danganta da halin mai kayan. Ya kamata ya tambayi kansa abu uku. Shin idan sabuwar ta lalace yau, akwai wata da zan fita aiki da ita gobe? Shin akwai wanda zai riƙa amfani da tsohuwar aƙalla sau ɗaya ko biyu a wata? Shin gilashinta da batirinta da katinta suna shiga sabuwar?

Mai sana'ar da ba shi da wata na'ura ta uku, ya riƙe tsohuwar, ya riƙa fitar da ita yana aiki da ita. Idan zai ajiye ta na ɗan lokaci, ya cire batir, ya bar shi da rabin caji a wuri mai sanyi, ya rufe gilashin gaba da baya, ya sa ta inda iska ke ratsawa. Wanda kuwa yake ɗaukar hoto don sha'awa, ko ya riga ya mallaki biyu, kuma ya san tsohuwar za ta shekara ba a taɓa ta ba, ya sayar da ita tun tana da rai, ya riƙe gilashin idan yana da amfani a gare shi. Kyamarar da ke hannun wani matashi yana neman abincinsa da ita ta fi wadda funfuna ke ci a ƙarƙashin gado.

ABIN DA BA A SAYARWA, BA A ZUBARWA

Duk shawarar da aka yanke game da na'urar, akwai abin da bai kamata ya bi ta ba: baƙin fim da aka wanke, wanda masu sana'a ke kira negatif, da katunan ajiya, da tsofaffin hotuna na takarda. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin dalili.

Bayan farin 1973 da 1974, a shekara ta 1975 ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji suka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Layi bibbiyu ake dasawa, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, har aka yi ɗaruruwan kilomita. A 1984, shekarar wani babban farin, aka buɗe aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Mata su ne suka ɗauki mafi yawan aikin, suna ɗaukar duwatsu a ka, suna haƙa ramukan tare ruwa a jikin tsaunuka, aka dasa miliyoyin itatuwa, daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa ƙasar Buza da Abalak. Yaron da aka haifa bayan haka yana ganin inuwa ya ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Hoto ne kaɗai zai nuna masa yadda faƙon yake kafin kakarsa ta sa hannu.

Misalin Galma, a gundumar Madawa, ya isa shaida. Masu bincike, cikinsu har da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, sun ɗora hoton garin da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 kusa da wanda aka ɗauka a 2003. A na farko itatuwa tsilli-tsilli ne cikin gonaki. A na biyu sun ninka sau da yawa, ko da yake jama'ar garin sun ƙaru. Irin waɗannan hotuna ne suka taimaka duniya ta yarda cewa manoman Nijar, ta hanyar barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna kula da shi, sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Da an zubar da hoton 1975 saboda ya tsufa, da ba abin da za a gwada na 2003 da shi. Gani ya kori ji, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Haka abin yake ga hoton mutane. A Bamako ta ƙasar Mali an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda sunansa ya yi kama da na garin Keita amma ba daga nan ya fito ba. Ya buɗe shagonsa a 1948, yana ɗaukar talakawa da ƴan kasuwa da ma'aikata, yana adana dubban negatif ɗinsa da kyau. Bayan shekaru fiye da 40 aka gano su, aka baje su a birnin Paris a 1994, kafin rasuwarsa a 2001 sunansa ya zagaya duniya. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé, da aikin hoto baƙi da fari ya ja baya, ya koma gyaran kyamarori, shagonsa ya cika da tsofaffin na'urori, amma abin da ya sa aka ba shi babbar lambar yabo ta birnin Venis a 2007 shi ne hotunan samari da ƴan matan Bamako da ya adana. A nan Yamai, Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014, ya bar mana kamannin babban birninmu na shekarun 1960 da 1970. Babu wanda yake tambayar nawa aka sayar da kyamarorin waɗannan mutane. Abin da ya ratsa ta cikinsu shi ne dukiyar.

Wajen adanawa, negatif yana da abokan gaba huɗu: zafi, laima, gara da hannun mutane. A sa shi cikin ambulan na takarda, a jera cikin akwatin ƙarfe, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a nisanta shi da rufin kwano. Idan aka buɗe aka ji wari mai tsami, alama ce fim ya fara ruɓewa, sai a ware wanda ya kamu daga sauran, a gaggauta kwafe shi. Sabuwar kyamara ma tana iya wannan aiki: a ɗora negatif a gaban farin haske a ɗauki hotonsa, a juya shi a kwamfuta. Hotunan kati kuwa, a kwafe su wuri biyu dabam-dabam, mafi muhimmanci a buga su a takarda, domin kati yana mutuwa ba tare da sallama ba.

IDAN ZA A SAYAR

Wanda ya ƙudura sayarwa, akwai haƙƙoƙi a kansa. Na farko shi ne gaskiya. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, wanda ya sayi kaya ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. A faɗa wa mai saye idan na'urar ta taɓa faɗuwa, ko ta sha ruwa, ko batirinta ba ya riƙe caji. A cikin manyan kyamarori akwai wata ƴar ƙofa da ke buɗewa ta rufe duk sanda aka ɗauki hoto, kuma tana da iyakar ƙarfi: a ƙananan samfura kamfanoni sukan ƙiyasta mata buɗewa dubu 50 zuwa dubu 100, a manya dubu 300 ko fiye. Yawancin na'urori suna riƙe da wannan lissafi, kuma mai ilimin kwamfuta yana iya duba shi. Kamar kilomitar mota ce, bai halatta a ɓoye ta ba.

Na biyu shi ne sirrin mutane. Kada a miƙa kyamara da katin da aka yi aiki da shi. Mutane da yawa ba su san cewa hoton da aka goge ana iya dawo da shi da wasu manhajoji ba, ko da an share katin gaba ɗaya. A cikin katin mai hoto akwai matan aure a ɗakunansu, akwai amare, akwai takardun mutane. Amana ce aka ba shi. Ya cire katinsa ya riƙe, mai saye ya nemi sabo.

Na uku ya shafi ma'aikata. Kyamarar da hukuma ko wani aikin raya ƙasa ya saya ba ta zama ta ma'aikacin da ke rataye da ita ba, ko da an kawo sabuwa. Tana cikin littafin kayan ma'aikata, kuma akwai hanyar da doka ta tanada ta fitar da kayan gwamnati da suka tsufa. Idan tana aiki, ya fi kyau a miƙa ta ga wani reshe da ba shi da ita, kamar cibiyar yaƙi da jahilci ko gidan rediyon karkara, a rubuce, da sa hannu. Hotunan da aka ɗauka da ita kuma su zauna a ma'aikata, kada su bi ma'aikaci ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

AIKIN WAƊANDA SUKA KOYI KARATU

Hoton da ba a san ko na wane ne ba, ko a ina aka ɗauke shi, ko a wace shekara, rabin amfaninsa ya tafi. Nan ne waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci suke da rawar takawa. Su zauna da tsofaffin masu hoto na garinsu da dattawan da suka san fuskoki, tun suna raye, su rubuta a bayan kowane hoto da fensir, ko a jikin ambulan: sunan mutum, sunan gari, shekara, da abin da ake yi. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, muddin na baya zai iya karantawa.

Muna kira ga hukumomin gundumomin Buza da Keita da Madawa, da sarakunan gargajiya, da shugabannin makarantu, su binciki inda tsofaffin hotunan yankinsu suke, su taimaka a kwafe su, a ajiye kwafi ɗaya a gari, a aika ɗaya ga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa ko gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, tare da kiyaye haƙƙin wanda ya ɗauka da sunansa. Ga mai hoto kuma, shawararmu ita ce ya yi lissafinsa da tambayoyin nan uku, ya sayar ko ya riƙe gwargwadon halinsa, amma kafin tsohuwar kyamara ta bar hannunsa ya tabbata akwatin negatif da katunansa suna nan a gida, an rubuta musu suna da shekara. Allah ya sa albarka a sana'a, ya ba mu damina mai kyau.